Dogo kafin jirgi

Ƙasar Magariya da ta Dungas ƙasar noma ce. Ana noma hatsi da dawa, da wake, da gujiya, da riɗi. Gawo ya cika gonaki, goriba ta cika fadamu. Akwai hanyar mota, akwai ta amalanke, akwai burtalin shanu. Amma hanyar jirgin ƙasa, ko taƙi ɗaya babu. Yara da yawa sun girma ba su taɓa jin kukan jirgi ba.

Duk da haka yaran wannan ƙasa gwanayen ƙira ne. Da an gama girbi, kara ya samu. Yaro ya ɗauki wuƙa ya fere ɓawon kara, ya yanka totuwa, ya kafe da ƙayar aduwa. Kafin la'asar ga mota ta fito. Wani da waya yake ƙera tasa, wani da gwangwanin madara. Ita mota ba ta da wuyar sha'ani. Duk inda ka ja ta tana biye da kai, ko cikin rairayi, ko ƙarƙashin rumbu. Jirgin ƙasa kuwa ba ya zaɓen hanya. Inda aka shimfiɗa masa ƙarfe, nan yake bi. Wannan hanya ta ƙarfe ita Hausawa suke kira dogo. Wanda yake so ya ƙera jirgi, da dogo zai fara.

Wani yaro ɗan aji biyar ya gane haka da hannunsa. Ƙauyensu yana tsakanin Magariya da Dungas. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, saboda haka kowa Auta yake ce masa.

1. Jirgin Auta

Wan Auta yana zuwa cin rani Kano. Da ya komo gida aikin damina, ya zo da wayar salula. Cikin wayar akwai majigin wani jirgin ƙasa, yana jan taragai bi da bi kamar ayarin raƙuma. Auta ya kalla, ya sake kalla, har wutar wayar ta ƙare. Duk daminar nan, ko yana riƙe da hauya, jirgin yana cikin ransa.

Bayan girbi ya shiga aiki. Ya yi kan jirgi da babban gwangwanin tumatir. Ya yi tarago uku da gwangwanin kifi. Ya yanko ƙafafu daga tsohon silifa, ya soke su bibbiyu da waya. Sa'an nan ya ɗaura igiya ya ja. Kan jirgi ya yi gabas, tarago na fari ya yi kudu, na ƙarshe ya kife.

Kakansa yana zaune gindin bedi yana tufkar igiya. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce:

— Abokina, wannan ai jerin amalanke ne da ya rasa jaki. Ina dogonsa?

— Kai Kaka, ina ka san jirgi?

Ashe tsohon nan, tun yana saurayi, ya yi rani da yawa yana aikin lebura a dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Shi da abokan aikinsa su ne masu bin dogo da ƙafa. Suna ɗaure abin da ya kwance, suna cike inda ruwa ya ci. Ya ce wa Auta:

— Direba shi yara suke ɗaga wa hannu. Amma bayan Allah, ransa da ran fasinja a hannunmu suke. In muka yi sakaci da faɗin yatsa biyu, jirgi ya sauka daga kan ƙarfe.

Washegari Auta ya kai jirginsa makaranta. Malam ya juya shi, ya duba ƙafafun. Ya ce aji duka zai shimfiɗa masa dogo a filin makaranta. Cikin aikin akwai lissafi, akwai labarin ƙasa, akwai aikin hannu. Da maraice Malam ya je har gida wurin tsoho.

— Sannu da hutawa, Baba.

— Yawwa, Malam. Maraba.

— Baba, alfarma na zo nema. Ni a takarda na san jirgi, ku kuwa a ƙasa kuka san shi. Ku zo ku koya wa yara.

— To, Malam. In Allah ya kai mu gobe, ina nan tafe.

2. Da me za a yi dogo?

Tsoho ya zo da sandarsa. Yara suka kewaye shi, ya zana dogo a ƙasa. Ya ce dogo abu uku ne. Na ɗaya, ƙarfe biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba su haɗuwa, ba su rabuwa. Na biyu, abubuwan da ake gicciyawa ƙarƙashinsu. Ya ce a kira su matasai, don a kansu ƙarfe yake kwanciya. Su ne suke riƙe ƙarfen biyu kada su buɗe. Na uku, tsakuwa. Ita take raba nauyin jirgi bisa ƙasa, ta kuma bar ruwan sama ya wuce.

A dogon gaske ana yin matasai da katako, ko da ƙarfe, ko da siminti. Inda gara take da yawa, katako ba ya daɗewa. Shi ya sa aka yi amfani da na ƙarfe a wurare da yawa cikin ƙasashe masu zafi. Sababbin layuka kuwa da na siminti ake yin su.

Yara ba su da ƙarfe. To, da me za su yi layi biyun? Gardama ta tashi. Wasu suka ce yumɓu, wasu suka ce waya, wasu suka ce kara. Malam ya ce a bar musu, a gwada. Kowane kashi ya yi layi mai tsawon taki biyu.

Na yumɓu ya yi kyan gani ran fari. Da iskar hunturu ta buge shi kwana biyu, sai ya tsattsage. Na waya ya lanƙwasu da sauƙi, amma ko akuya ta taka shi sai ya karkace, kuma waya kuɗi ce. Na kara ya miƙe sosai, sai dai gaɓoɓinsa suna tuntsurar da tarago. Auta ya tuna da sille, wato kan karan dawa, mai tsawo da santsi, wanda ba shi da gaɓa. Aka gwada sille, ƙafa ta gangara a kai sumul.

Saura wurin kwana. Sille ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi. Nan ƴan mata suka ba da shawara. Sun san geza, wadda ake saƙa kwando da ita. Aka yanko tsumagun geza masu kauri ɗaya da sille, aka jiƙa su dare guda. Da safe aka lanƙwasa su tsakanin turaku, aka bar su suka bushe a haka. An sami layin miƙe, an sami layin kwana. Matasai kuwa aka yanka su daga gindin karan dawa mai kauri.

3. Leɓen ƙafa

Aka aza jirgin Auta bisa sille biyu, aka ja. Bai yi taƙi uku ba ya zame. Tsoho ya ɗauki tarago ɗaya ya birkice shi. Ya ce:

— Ƙafar mota daban, ƙafar jirgi daban. Ta jirgi tana da leɓe ta ciki. Leɓen nan yana sauka kaɗan gefen ƙarfe. In jirgi ya so ya yi dama, leɓen dama ya tare shi. In ya so ya yi hagu, na hagu ya tare shi. Shi ya sa direban jirgi ba shi da sitiyari.

Yara suka yi mamaki ƙwarai. Abu mai girma haka, a ce ba shi da sitiyari! Auta ya samo murafun gwangwani. Ya yanka su da'ira, kowane ya ɗara ƙafar silifa faɗi kaɗan. Ya manna ɗaya a cikin kowace ƙafa. Aka sake ja. Wannan karon jirgi ya bi sille har ƙarshe.

4. Ina dogo zai bi?

Akwai bedi yamma da aji, akwai dangar lambu gabas da shi. Yara suka raɗa wa bedi tashar Magariya, danga kuma tashar Dungas, don Dungas tana gabas da Magariya. Aka auna tsakani, metir 12. Amma a tsakiya akwai ɗan tudu, bayan tudun kuma akwai zaizayar ruwan sama.

Yara maza suka ce a miƙe sak, a haye tudu. Tsoho ya girgiza kai. Ya ce ƙarfe bisa ƙarfe santsi ne da shi. Wannan santsi shi yake sa kan jirgi ɗaya ya ja taragai masu yawa. Shi ne kuma yake hana shi hawa. In hawa ya yi tsanani, ƙafafu su yi ta juyawa wuri ɗaya. Malam ya ƙara da cewa a manyan layuka, galibi ana so hawa ya tsaya wajen metir 1 cikin tafiyar metir 100. Jaki yana hawan abin da ya fi haka ninkin ba ninkin.

Aka shirya a kewaye tudu. Don a zana kwana, tsoho ya kafa turke, ya ɗaura igiya mai metir 1, ya ja da'ira, kamar yadda magina suke yi in za su kafa rumbu. Ya ce kwana mai faɗi ita ce lafiyar jirgi. A wurin zaizaya kuwa aka huda gwangwani biyu gaba da baya, aka kwantar, aka rufe da ƙasa. Ruwa zai bi ta ciki, jirgi ya bi ta bisa. Aka share hanya, aka daɓe ta, aka barbaɗa toka saboda gara, aka zuba ƙananan tsakuwa. Tsoho yana aza faranti da ruwa a ciki nan da can. In ruwa ya taru gefe guda, ya ce a gyara.

5. Yatsa huɗu

Ran alhamis tsoho ya kai ragonsa kasuwar Maigatari. Malam kuma ya tafi taron malamai Magariya. Yara suka ƙagauta. Suka ce me za a jira, ga sille, ga matasai, ga ƙaya? Suka rabu kashi biyu. Kashi ɗaya zai faro daga bedi, ɗaya daga danga, su haɗu a tsakiya. Wani ya tambaya: nawa ne faɗin dogo? Auta ya sa hannunsa tsakanin ƙafafun jirginsa. Ya ce yatsa huɗu. Kowa ya ce ya ji, yatsa huɗu.

Auta shi ne shugaban ƴan gabas, da yatsunsa suke awo. Shugaban ƴan yamma kuwa shi ne babban yaro cikin aji, hannunsa ya saba da hauya. Shi ma da nasa yatsu yake awo. Ƴan yamma har suka ƙera tarago biyu nasu, daidai da layinsu. Kowane kashi ya duƙufa, ba mai leƙa aikin wani. Suna kafa ƙaya, suna waƙa.

Ran asabar da la'asar layukan suka iso juna bayan tudu. Sille ɗaya ya haɗu da ɗan'uwansa. Ɗayan kuwa ya wuce ta gefe. Jirgin Auta ya zo daga gabas, da ya taka layin yamma sai ya faɗa tsakani. Taragon ƴan yamma ya zo, ya hau bisa layin gabas ya kife. Kowane kashi ya ce ɗayan ne ya ɓata aiki. Kowa ya ɗaga hannu ya rantse yatsa huɗu ya auna. Kuma duka gaskiya suka faɗa. Har aka kai ga cin kwalar riga. Abokai biyu da suke tafiya gida tare, ran nan kowa hanyarsa ya bi.

6. Abin da taswira ta nuna

Ran litinin Malam ya ɗauki ma'auni ya duƙa. Layin gabas santimetir 6. Layin yamma santimetir 7. Bai yi faɗa ba. Ya koma da yara cikin aji, ya rataye taswirar Afirka ta Yamma. Ya ce abin da ya same su ya taɓa samun manya.

Turawan Ingila sun shimfiɗa dogo daga Ikko, ya iso Kano a 1911. Reshe ɗaya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930. Faɗin wannan dogo, daga cikin ƙarfe zuwa cikin ƙarfe, milimetir 1067 ne. Faransawa su ma sun shimfiɗa nasu daga bakin teku. Na Kwatano ya kai Faraku a 1936, bayan kilometir 438, ya tsaya nan. Na Abijan ya kai Wagadugu a 1954. Sunansa Abijan-Nijar, amma bai iso ƙasar Nijar ba. Faɗin waɗannan biyu metir 1 ne cif, wato milimetir 1000.

Malam ya rubuta a allo: 1067 a ɗebe 1000. Wata yarinya gwanar lissafi ta ce saura 67. Tsoho yana zaune bakin ƙofa. Ya haɗa yatsunsa huɗu ya ɗaga. Faɗinsu ke nan, ko kusa da haka. Yatsa huɗu kaɗai suka raba dogon Ingilishi da na Faransawa. Ko da an haɗa bakinsu, tarago ɗaya ba zai ƙetare ba. Sai a sauke kaya buhu-buhu daga wannan jirgi, a sake loda su cikin wancan.

Tsoho ya ba su labarin zamanin gujiya. A shekarun 1950 da 1960 Magariya babbar kasuwar gujiya ce. Ana kai gujiya Kano cikin manyan motoci. Can ake jera buhuna dala-dala, su jira jirgin da zai kai su Ikko. Wadda aka bi da ita ta yamma kuwa, sai ta yi doguwar tafiya cikin mota har Faraku kafin ta sami dogo. Ya ce:

— Kowace saukewa kuɗi ce, kowane lodi kuɗi ne. Kuma daga gumin manomi ake cire su.

Malam ya nuna wasu layuka biyu. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, wajen kilometir 140, faɗinsa metir 1. Ya tsaya a Doso bai sadu da na Faraku ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin wani dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai kilometir 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Daura kuwa maƙwabciyar Magariya ce. Faɗin wannan milimetir 1435 ne. Awon ya samo asali a Ingila, daga aikin wani injiniya, Joj Sitibinsan, wanda jirginsa ya ɗauki fasinja a 1825. Fiye da rabin dogayen duniya da wannan awo aka yi su.

7. Wa zai tone nasa?

An gane ciwo, saura magani. Dole kashi ɗaya ya sake aiki. Ƴan gabas suka ce jirgin Auta shi ne na fari, kuma layinsu ya fi tsawo. Ƴan yamma suka ce nasu ya fi ƙarfi. Malam ya ce a sake gwadawa. Aka cika tarago ɗaya na gabas da tsakuwa, aka cika ɗaya na yamma. Aka ja kowane a bisa kwana mai faɗinsa. Na santimetir 6 ya yi tangaɗi ya zubar da kaya. Na santimetir 7 ya wuce lafiya. Yarinyar nan gwanar lissafi ta ɗaga hannu. Ta ce in aka raba 1435 gida 20, ana samun milimetir 71 da ɗoriya, wato santimetir 7 da ɗan kaɗan. Ke nan layin yamma ƙanen babban dogon duniya ne. Aji ya zaɓi santimetir 7.

Auta bai ce kome ba. Layinsa za a tone. Jirginsa ma, wanda ya jawo aikin duka, sai an zare masa ƙafafu. Da dare ya ƙi tuwo. Kakansa ya kira shi kan tabarma.

— Abokina, fushi kake?

— Kaka, jirgin nawa ne. Ni na fara.

— Naka ne, ba mai musu. To, zaɓi ɗaya. Ka bar shi yadda yake, ya yi ta kai da komowa tsakanin danga da tudu, kai kaɗai. Ko ka buɗa masa ƙafa da faɗin yatsa ɗaya, ya kai har bedi, ya ja taragon kowa.

Auta ya yi shiru. Can ya tashi ya ɗauko jirgin da fitila. Da hannunsa ya zare wayoyin, ya yanko wasu masu tsawo. Tsoho ya riƙe masa fitila har ya gama.

Da safe aka tarar aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Tsoho ya ce ba sai an tone duka ba. Sille ɗaya zai zauna wurinsa, ɗayan za a matsar. Malam ya ce haka aka yi a kudancin Amurka a 1886. Dogayen can sun fi na arewa faɗi. Aka shirya, aka tara leburori, aka matsar da ƙarfe ɗaya da milimetir 76, a tsawon dubban kilometir, cikin kwana biyu rak. Babban yaron nan na yamma shi ya fara duƙawa kusa da Auta. Yana zare ƙaya, Auta yana matsar da sille.

8. Ma'auni ɗaya

Kafin a kafa ƙaya ko ɗaya, tsoho ya roƙi wuƙa. Ya fere wani ɗan icce, ya yi masa tsaga biyu, tsakaninsu santimetir 7 cif. Ya ce a dogon Nguru kowace ƙungiyar leburori tana da irin wannan, na ƙarfe. Ba mai awo da ido, ba mai awo da hannu. Hannu yana girma, ido yana ruɗi. Daga ran nan, duk wanda zai kafa matashi sai ya aza iccen, sille biyu su shiga tsaga biyu, sa'an nan ya soka ƙaya.

Ya koya musu sauran dabaru. Matasai su yi tazara ɗaya, santimetir 5 tsakani. A wurin kwana a ɗaga layin waje kaɗan da rairayi, don jirgi ya jingina ciki, kamar mai keke in zai sha kwana. Inda sille biyu suka haɗu, a soka ƙaya ɗaya cikin totuwarsu, rabi nan rabi can, don bakinsu ya daidaita. Ya ce a tsohon dogon ƙarfe kuwa ƴar kafa ake bari a mahaɗa, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi. Malam ya ba da lissafin: ƙarfe mai metir 12, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara tsawo da wajen milimetir 4. Wannan ƴar kafa ita take sa a ji ƙafafun jirgi suna ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas.

Malam ya gaya musu kuma, a ƙasashe da yawa yara da manya suna shimfiɗa ƙananan dogaye cikin ɗaki. Su ma sun sha wannan wahala ta awo. A 1891, a kasuwar baje koli ta birnin Laifzig a Jamus, kamfanin Märklin ya fito da jiragen wasa masu tsayayyen awo. Wanda ya sayi layi bana, in ya sayi tarago baɗi, za su dace. Awon da ya fi yaɗuwa shi ake kira HO. An raba girman jirgin gaske gida 87, an ɗauki ɗaya. Faɗin layinsa milimetir 16 da rabi ne. Yara suka ninka 16 da rabi sau 87 a kan allunansu. Suka sami 1435 da rabi. Aji ya ɗauki sowa.

9. Jirgi ya tashi

Ran da aka gama, iyaye suka zo kallo. Mai gari ma ya zo. Aka haɗa tarago uku na gabas da biyu na yamma. Aka zuba musu gujiya da wake. Auta ya kama igiya a tashar Dungas. Wani yaro ya busa sille a madadin kukan jirgi. Jirgi ya ƙetare gada, ya kewaye tudu, ya zo wurin da aka yi rigima. Kowa ya yi tsit. Ƙafafu suka taka mahaɗa suka wuce, ko tangaɗi babu. A nan Auta ya miƙa wa babban yaron igiya, shi ya ƙarasa da jirgi gindin bedi. Mata suka yi guɗa. Tsoho yana tafe gefen layi, idonsa a kan matasai, kamar yadda ya saba tun yana saurayi.

Labari ya kai ƙauyen da yake kusa. Bayan mako guda sai ga yara uku daga makarantar can. Sun ce su ma za su yi dogo, suna so a nuna musu jirgi. Auta ya nuna musu jirgi. Sa'an nan ya shiga aji ya ɗauko iccen awo daga inda aka rataye shi. Ya fere wani irinsa, ya gwada su baki da baki, ya ba su. Ya ce:

— Ku fara da wannan. In kun gama, ku kawo taragonku, zai hau namu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka haɗu suka zama dogo? Mene ne amfanin kowane?
2. Don me aka zaɓi sille da geza, aka bar yumɓu da waya?
3. Kashi biyu duka sun auna yatsa huɗu. Me ya hana layukansu haɗuwa?
4. Dogon aji yana da metir 14 bayan an kewaye tudu. In ana sa matashi ɗaya a kowane santimetir 5, matasai nawa ake bukata?
5. Ku nemi Kano, Nguru, Daura, Maraɗi, Doso da Faraku a taswira.
6. Kowa ya auna faɗin teburinsa da taƙi, sa'an nan da ma'auni. Ku gwada amsoshinku da na juna.